Shirin hutun bana: daga Damagaram zuwa Kano a kan keke

Jama'a bana dai na yanke shawara, hutun da zan ɗauka a wurin aiki ba zan yi shi a kan katifa da rimot a hannu ba, ba kuma a majalisa ana musun ƙwallo har sha biyun dare ba. Keke zan hau daga Zinder in taho Kano, ni da wani abokina malamin makaranta, in Allah ya kai mu da rai da lafiya. Kusan duk wanda na faɗa wa sai ya fara tambaya ko kuɗin mota ne babu, har akwai wanda ya ce in dai don wannan ne in turo lambar akawun. To ba laifinsu bane, mu a wajenmu keke abin hawan wanda bai samu babur bane, na mai kai madara ko mai tallan yadi ko ɗan makaranta, duk da cewa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga manyan mutane da babbar riga sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun dawo titi ba kunya ba komai. Amma a ce mutum ya hau keke don nishaɗi, ya bar gari ya nufi wani gari, wannan har yanzu sai an yi bayani.

Tambaya ta biyu da ake min ita ce me ya sa daga Zinder zuwa Kano, tunda a Kano nake, ai kamata ya yi in tashi daga ƙofar gida. Amsar ita ce iska, kuma wlh duk shirin nan a kanta na gina shi. Lokacin da za a iya wannan tafiya ba tare da mutum ya illata kansa ba shi ne lokacin sanyi, Disamba zuwa Janairu, da rana zafin bai cika wuce digiri 30 ba, da asuba kuma yana sauka ƙasa da 15. A Afrilu kuwa ana kaiwa 40 har a wuce musamman can wajen Damagaram, da damina ga ruwa ga sauro ga hadari da ba ka san inda zai riske ka ba. To amma sanyi da iskarsa yake zuwa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take kaɗowa, ita ce mai kwaso mana ƙurar nan tun daga Bodele a arewacin Chadi. Zinder tana arewa da Kano har da ɗan karkata gabas, kenan wanda ya tashi daga Kano ya nufi can da iska zai yi ta dambe daga safe har azahar. Wanda bai taɓa tuƙa keke da kaya ba ba zai gane nauyin maganar ba. Turjiyar iska ba ƙaruwa take a hankali ba, in gudunta a jikinka ya ninka biyu turjiyar ninkawa huɗu take, wato kana tafiyar kilomita 15 a awa iska ta fuskanto ka da wani 15 ɗin, ƙirjinka yana ture iskar da ta ninka ta ranar da babu iska sau huɗu. In ka juya mata baya kuwa ita ce za ta riƙa tura ka. Ni hutu na ɗauka ba horon soja ba, don haka za mu loda kekunan a mota mu je Zinder, sannan mu juyo gida iska na bayanmu. Akwai kuma wani amfani da ban yi tunaninsa da farko ba sai abokin tafiyar ne ya faɗa, ya ce malam ai mai komawa gida ba ya karaya, kullum ka tashi gida ƙara matsowa yake.

Sai azumi, shi ma yana cikin lissafi, don yanzu ya matso cikin sanyi, na 2026 a tsakiyar Fabrairu ya kama kuma kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. Duk mai irin wannan niyya a shekarun nan ya gama kafin azumin ya kama.

Hanyar da muka zaɓa ita ce Zinder, Tirmini, Takeita, Kance, Matamaye, a tsallaka iyaka ta Maimujiya da Kwangwalam, sai Mai'aduwa, Daura, Kazaure, Dambatta, Kano. Duka-duka ba ta kai kilomita 300 ba, kwalta ce, kuma babu wani hawa na a-zo-a-gani. Na san masu tseren keke za su yi dariya su ce wannan ai tafiyar kwana biyu ce, to su je su yi, Allah ya ba da sa'a. Akwai hanyar da ta fi ta kusa, ta Magarya a ɓullo ta wajen Babura, amma ita ba ta bi ta Daura, ni kuwa Daura na daga cikin dalilan tafiyar. Da farko ma abin da raina ya so shi ne Maraɗi, a shigo ta Jibiya a kwana Katsina, sai dai kowa ya san halin da yankin Jibiya da Batsari yake ciki shekarun nan, mutumin da yake tafiyar kilomita 13 a awa da jakunkuna a baya ba shi da abin da zai gudu da shi, na cire wannan tun kafin Hajiya ta ji labari.

Hajiyar ma sai da aka sha fama. Da na je gaishe ta na kawo maganar, shiru ta yi sannan ta ce kai yanzu da girmanka da iyalinka, me aka yi maka a Kanon? Na ce Hajiya ba komai, ƙasa nake so in gani. Ta ce ba a ganinta ta tagar mota? Sai da na zayyana mata garuruwan ɗaya bayan ɗaya, na ce ba tafiyar dare, ba ni kaɗai ba, kuma duk inda muka sauka zan kira ta kafin magariba, sannan ta ce to Allah ya tsare, ka sayo min kilishin can. Uwargida ita nata sharaɗin ɗaya ne, in je a auna min hawan jini kafin in tafi, kuma gaskiyarta ne, duk wanda ya haura arba'in yana aikin zaman ofis ya kamata ya yi hakan kafin ya ɗora wa zuciyarsa irin wannan aiki.

Tambayar Hajiya ta tagar mota na daɗe ina juya ta. Na sha bin hanyar Daura a mota, kuma abin da zan iya tunawa shi ne shingayen jami'ai da ramuka da wanda ya yi barci a kafaɗata. Ban taɓa tsayawa a dam ɗin Tomas da ke wajen Dambatta ba, ban taɓa hawa ko ɗaya daga duwatsun Kazaure ba, kullum sai dai in hango su direba na gudu kada wani ya riga shi lodi. A keke ko ba ka so sai ka tsaya, ƙishirwa za ta tsayar da kai, gajiya za ta tsayar da kai, sallah za ta tsayar da kai a masallacin da ba ka taɓa sanin akwai shi ba. Shi ya sa na tsara ranakun a kan kasuwanni da wurin kwana, ba a kan yawan kilomita ba.

Ga yadda abin yake a takarda. Za mu isa Zinder tun kafin Alhamis don babbar kasuwar garin ranar take ci, mu zaga Birni mu ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar da aka yi zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, shi ne wanda ya ɗaukaka Damagaram har ana ƙera igwa a garin, mu shiga Zango mu ga tsofaffin gidajen fatake masu zane a bango, ga manyan duwatsun nan da suke tsakiyar gari. Mutane da yawa a nan Kano ba su san cewa Zinder ce hedikwatar Nijar ba kafin Faransawa su mayar da ita Yamai a 1926. Juma'a da asuba mu kama hanya. Garin farko mai suna a kan hanyar shi ne Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da rundunar Faransawa a 1899, shekara guda bayan an kashe kyaftin ɗinsu Kazamaju a Zinder, daga nan ne Zinder ta faɗa hannunsu. Kuran Dagan nan shi ne dai wanda ya kawo yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, kaga ni Bakano zan bi sawun mahayansa kenan a kan keken gwanjo. Takeita na wajen kilomita 50 daga Zinder, in mun fita da wuri za mu samu Juma'a a can mu kwana. Asabar gajeriyar tafiya ce, mu karya kudu mu bi ta Kance mu sauka Matamaye tun da sauran ƙarfi. Lahadi mu tsallaka iyaka mu faɗa kasuwar Mai'aduwa wadda ranar take ci, mu ga raƙuma da shanun da ake korowa daga Nijar, da la'asar mu ƙarasa Daura. Wannan ranar ita ce na fi jin tsoro kuma na fi ɗoki, don ranar kasuwa hanya cike take da manyan motocin shanu da 'yan babur masu ɗauko awaki uku a baya, dole mu yi sammako mu riga su.

Daura za mu yini mu huta, ba hawa keke sai dai cikin gari. Rijiyar Kusugu nake so in gani da idona in sha ruwanta, tun muna firamare ake ba mu labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a da baƙon da ya zo ya sare kansa ya auri Daurama, abin kunya ne a ce mutum ya girma a tafiyar awa biyu daga wurin bai taɓa leƙawa ba. Daga Daura sai Kazaure, masarautar da Ɗantunku ya kafa, daga nan Dambatta, sai gida. Daga Kwangwalam zuwa Kano wajen kilomita 130 da ɗoriya ne, kuma tun farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da hanyar tagwaye, ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, don haka akwai tifofi da ƙura da wuraren da ake karkatar da motoci. Kafin mu tashi zan je tasha in zauna da direbobin layin in sha shayi da su, su ne suka san inda aka fasa da inda aka gama a satin nan, taswirar waya ba ta san wannan ba.

Yanzu maganar keken kansa. Na ga yara a intanet suna cewa sai ka sayi na miliyan kaza mai siririyar taya, ni ban yarda ba sam. Keken da ya dace da wannan hanya shi ne wanda in ya lalace a Kance mai gyaran Kance zai iya gyara shi. Nawa ɗan gwanjo ne, na ƙarfe, mai giya, taya lamba 26, na same shi a Sabon Gari. Na zaɓi 26 ne don tayarsa da tiyub ɗinsa sun fi saukin samu a ƙananan garuruwa fiye da na sababbin nan masu manyan ƙafafu, ƙarfe kuma in ya tsage mai walda zai ɗinke maka, alminiyom kuwa sai dai ka nemi mota. Abokina shi ya dage a kan Phoenix ɗin babansa mai birkin sanda, ba giya, nauyi kamar an ɗora buhun siminti, amma dai gaskiya babu ƙauyen da za a rasa kayansa kuma kariyarsa tana ɗaukar mutum ma balle jaka, tunda hanyar shimfiɗaɗɗiya ce iska kuma na baya na ƙyale shi, sai dai na ce duk inda ya gaji kada ya kalle ni. Wani ƙaramin abu da mutane ba sa lura da shi shi ne bakin tiyub. Ka tabbata irin na babur da mota ne, mai kauri, don kowane mai faci a bakin titi zai iya ba ka iska. Siririn nan na kekunan tsere in famfonka ya lalace ka shiga uku.

Bakanikena da na kai masa keken na ce a duba min komai, ya ɗago ya ce Oga ina za ka haka? Na ce Damagaram. Ya ajiye sifana ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce to in da gaske kake taya za mu fara canzawa, don tsidau ba ya jin magiya. Kuma wannan ita ce babbar matsalar hanyar arewa, ba rami ba, ƙaya. Tsidau yana nan a gefen kwalta birjik bayan damina ya bushe, ga ƙayar aduwa da ta farar ƙaya a duk inuwar da za ka so ka huta, ga ƙarangiya da ba ta huda taya amma za ta cika maka safa da ƙafar wando. Dabarar da ya ba ni ita ce sabuwar taya mai kauri, a yanka tsohon tiyub a shimfiɗa a cikinta ya zama kariya, sannan duk lokacin da zan sauka daga kwalta in je inuwa in ɗaga keken ko in tura shi a hankali in duba tayar kafin in sake hawa. Ya canza wayoyin birki da robobinsu, ya ɗaure sifok ɗin ƙafar baya don ita ce mai ɗaukar nauyi, ya sa sabon boris da giris. Ya kuma zaunar da ni ya sa na cire tayar baya na yi faci da hannuna a gabansa har sai da ya gamsu, yana ta min tsiya wai hannun biro. A jaka zan riƙe tiyub biyu, faci da sholisho, famfo, alanki, filaya, ƙaramin sifana, sifok na ko-ta-kwana, da ɗan man sarƙa da tsumma. Man nan kaɗan ake sawa, in ka labta shi ƙurar hunturu ta hau kai sai ya koma yana cin sarƙar, gara kowace yamma ka goge ka ɗiga kaɗan ka sake gogewa.

Jakunkunan gefe na kanti tsadarsu ta fi ta keken, don haka na kai wa mai ɗinkin rumfar adaidaita sahu ya ɗinka min guda biyu da tamfol, masu rataya a kariya hagu da dama, ya sa kwali mai ƙarfi a bayansu don kada su shiga cikin sifok. Kada ka kuskura ka goya jaka a baya, awa biyu kafaɗa da ƙugu za su gaya maka. Nauyi ya zauna ƙasa kuma ya daidaita gefe da gefe, gaba ɗaya ina so kada ya wuce kilo goma sha biyu ban da ruwa. Kaya kala biyu na hawa, kaftani ɗaya na shiga mutane da zuwa masallaci, rigar sanyi, bargo mara nauyi, gidan sauro, darduma, buta ƙarama, tocila, fawa bank, man kaɗanya don leɓe da diddige, tabarau, takunkumi ko rawani saboda ƙura, da hular kwano wadda na san yara za su bi ni suna ihu saboda ita amma zan sa. Sai wandon nan mai soso a ƙasa da masu tsere ke sawa, shi kam dole ne, don abin da ke mayar da mutane gida a irin wannan tafiya ba ƙafa bace, mazauni ne. Amma a cikin wando zan sa shi, ba zan shiga garin mutane a matse in je gaida mai gari ba.

Mazaunin nan ba ya sabawa sai da hawa, babu wata dabara. Tun da damina ta ɗauke nake fita duk Asabar bayan asuba, na fara da zagayen unguwa, na koma hanyar Gwarzo ta wajen sabuwar BUK, yanzu ina kaiwa Wudil in ci kifi in dawo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka gwada hawa kwana biyu a jere da kayan a ɗaure, don tafiyar rana ɗaya kowa zai iya, tashi washegari ka sake zama a kan sirdin nan shi ne jarrabawar. Ka kuma daidaita tsayin sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta kusa miƙewa, yawancinmu muna hawa sirdi a ƙasa sosai don ƙafa ta taɓa ƙasa, wannan ke kashe gwiwa.

Da kaya a kai muna yin kilomita 12 zuwa 15 a awa, kenan tafiyar kilomita 50 awa huɗu ce in an haɗa da tsaye-tsaye biyar. A ƙarshen Disamba rana na fitowa wajen bakwai saura kwata, mu yi asuba mu sha shayi da burodi ko koko da ƙosai, gari na wayewa mu hau, kafin azahar mun sauka. Ba za mu fita da duhu ba ko da fitila, direban da ya kwana yana tuƙi ba ya ganin mai keke. Ruwa kuwa sanyi yana yaudara, iskar busasshiya ce tana shanye gumi kafin ka ji shi, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba alhali jikinka na ƙonewa, don haka sha za ka yi ta yi ko ba ƙishi, kowannenmu zai ɗauki aƙalla lita uku a cika a duk garin da aka samu fiya wata. Zan riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis, in ya ƙare ana haɗawa da hannu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A aljihu dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Fura da nono kam ba zan iya wuce ta ba a wannan hanya, sai dai zan ba da ruwana a dama min da shi, gudawa a kan keke ba abin wasa bace.

Na tambayi limamin masallacinmu maganar kasaru, ya ce tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, don haka za mu yi kasaru, sai in mun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda.

Wurin kwana shi ne abin da ya fi cin min tunani, kuma a nan ne zamani ya canza. A da baƙo ya isa gari ya yi sallama a ƙofar mai gari an ba shi zaure an kawo tuwo, har yanzu ma mutanen karkara ba su bar wannan hali ba, amma yanzu kowa a tsorace yake, mutum biyu da ba a sani ba da jakunkuna suna ɗaukar hoto da waya, ba a daɗe ba za a ce infoma ne, kuma ba za ka ga laifinsu ba in ka san abin da ya faru da wasu garuruwan. Don haka a Zinder da Daura da Kazaure masauki za mu kama mu biya. A ƙananan wuraren kuwa tun daga Kano nake neman wanda ya san wani, kuma abin mamaki ba wuya, ɗan kasuwar Kwari ɗaya da na yi wa magana ya haɗa ni da mai ɗaukar kayansa a Matamaye a waya ɗaya. Duk inda muka sauka kafin mu kwance kaya za mu je mu gaida mai gari ko mu sanar da jami'an tsaro, da rana tsaka ba da magariba ba, da katin ɗan ƙasa da katin wurin aiki da takarda daga mai unguwarmu mai hatimi. Hoto kuma sai an tambaya, kusa da shingen sojoji ko jandarma ko gada kuwa wayar ma kada ta fito daga aljihu.

Iyaka ita ma ba kamar da bace. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka wanda ya saba tsallakawa da gaisuwa kawai kada ya ɗauka haka abin yake ga mai jakunkuna da hular kwano. Fasfo zan tafi da shi, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, zan kuma yi ta sanƙarau tunda lokacinsa ne kuma yankin nasa ne. Rasit ɗin keken ma yana cikin leda tare da fasfo saboda kwastan, kada a dawowa a ce sayo shi na yi. Satin tafiya zan sake tambayar direbobin Zinder abin da ake nema a ranar, in an ce akwai matsala ba gardama, sai mu sauka a Kwangwalam mu fara daga can, mu ƙara da kewayen Daura, Damagaram ta jira wata shekarar.

Sefa a Wapa zan canza kafin mu tashi, ƙananan takardu da silalla don mai shayi ba zai samu canjin jaka goma ba. Wanda bai taɓa zuwa ba ya koyi lissafin dala tun a gida, sefa biyar ita ce dala ɗaya, in mai ƙosai ta ce dala ashirin tana nufin sefa 100, dala ɗari 500 kenan, jaka kuma 1000, in ba haka ba za ka tsaya kana zare ido ana jiranka. Kuɗin a raba wuri biyu ko uku. Layin waya za mu sayi na can a Zinder, taswira kuma a sauke ta a waya tun a gida don tana aiki ko ba sabis.

Loda keke a mota shi ma sai ka tsaya a kai. Za mu cire feda da ƙafar gaba, mu naɗe wajen giya da kwali, mu biya kuɗin kaya ba ciniki mai yawa, kuma mu tsaya har a gama ɗauri don 'yan lodi in ka juya baya buhun masara za su ɗora a kan sifok, ka isa Zinder da ƙafa a murɗe tun ba a fara ba.

Ranar ƙarshe kuma na riga na gaya wa abokina ba jarumta, daga Dambatta za mu taso da sassafe, in mun iso Mil Tara muka ga tireloli da 'yan adaidaita sun cakuɗe zuwa Kurna, sauka za mu yi mu tura ta gefe ko mu bi ta lungu. Abin da ya rage yanzu oga ya sa hannu a takardar hutu, in karɓo jakunkuna wajen mai ɗinki don ya ce zip ɗin ɗaya sai ya canza, sannan in lallaɓa mutumin nan ya yarda a sa wa Phoenix ɗin sababbin tayoyi, don na jikinsa tun na marigayi babansa ne kuma ya ce shi bai ga abin da suka yi ba.